Ajiyar Uwar Ƙanƙara

A asibitin nan kaf, daga mai gadi har babban likita, da wuya ka sami wanda zai faɗa maka sunanta na gaskiya ba tare da ya tsaya yana sosa ƙeya ba. Uwar Ƙanƙara kowa ya sani. Sunan ya samo asali ne daga wani ƙaton firiza da ke ƙuryar ɗakin gwaje-gwaje, wanda sanyinsa ya wuce na firizan gida nesa ba kusa ba. Firiza ya mutu an kawo wani, wannan ma ya mutu an sake kawo wani, ita dai tana nan, ta fi shekara talatin tana lallaɓa su yadda ake lallaɓa tsoho mai rikici. Ta san kukansa na lafiya, ta san na ciwo. In ta shigo da safe, kafin ta gaida mutane sai ta gaida shi: ta dafa ƙofarsa, ta karkata kai ta saurara, sannan ta ajiye jaka. Sababbin ma'aikata sukan yi ƙus-ƙus suna dariya. Ita kuwa ko a jikinta, ta ga zuwan irinsu ta ga tafiyarsu.

Cikin firizan akwai akwatuna a jere, cikin kowane akwati akwai 'yan kwalabe na roba da ba su kai ƙaramin ɗan yatsa ba, cikin kowace kwalba kuma majinar wani yaro ce. Kada ka yatsine fuska, aikin ke nan. Duk yaron da aka kwantar a ɗakin yara da tari da sarƙewar numfashi, sai a zuƙo 'yar majina daga hancinsa a kawo, a duba wace ƙwayar cuta ce ta kama shi, ragowar kuma a daskarar da ita. Babu suna a jikin kwalba, sai lamba da shekara. Masu majinar da yawa sun girma, wasu sun yi gemu, wasu suna goye da nasu 'ya'yan, ba su ma san an ajiye musu wani abu ba. Wasu kuwa ba su girma ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ɗanta ne, kuma kwalbarsa tana can ƙurya, a akwatin da ya fi kowane nisa da ƙofa.

Shugaban ɗakin yanzu wani ne da ake kira Dogo. A idonta sabo ne har gobe, ko da yake ya daɗe a wurin kuma furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Shi ya yi ta faɗi-tashi har aka kawo musu wata na'ura mai girman ƙaramin firji, wadda ke karanta rubutun halittar ƙwayar cuta harafi bayan harafi, tun daga farko har ƙarshe. Ranar da ya zaunar da ita zai yi mata bayani, har da zane a bayan takarda, kai ka ce ɗalibar aji ɗaya ya samu. Ya ce ƙwayoyin da ke sarƙe numfashin yara su ma suna da dangi, suna hayayyafa, kuma duk haihuwa akan sami ɗan canji a rubutun. In ka karanta ta bana ka karanta ta shekarun baya, za ka san wace ce 'yar wace, daga ina ta ɓullo, ina ta dosa. Ya ce asibiti na sa ran samun wata allurar kariya ga jarirai, kuma allurar wani gefe guda take kamawa a jikin ƙwayar, don haka yana son ya sani ko gefen nan yakan sauya da tafiyar shekaru.

"Ta bana muna da ita, Mama," in ji shi. "Ta da kuwa babu mai ita sai ke. Da tsohuwar zuma ake magani."

Maganar ta yi mata daɗi, ba za ta ɓoye ba. Shekara da shekaru ana ce mata ta cika wuri da tarkace, yau ga shi tarkacen ya zama zuma. Sai dai akwai wani abu guda da ya faɗa a ƙarshe, kamar ba komai ba. Abin da ya rage a tsofaffin kwalaben ɗan ɗigo ne, bai isa a raba biyu ba. Duk wadda aka narkar aka karanta, ta ƙare ke nan, sai dai a jefa robar a kwandon ƙonawa.

Ta ce to. Ita da kanta ta dinga fito da akwatunan, ana farawa daga na kusa ana komawa baya, shekara bayan shekara. Kuma kowane akwati ta ɗauko, sai ya taho mata da zamaninsa.

Zamanin Farfesa ta fi tunawa. Shi ya ɗauke ta aiki tana 'yar budurwa mai rawar hannu, shi ya koya mata cewa ba a buɗe firiza sai ka riga ka san abin da za ka ɗauko da inda yake. Gajere ne mai sanƙo, yakan yi fito da leɓe duk lokacin da aiki ya yi kyau, in kuwa ka ji shiru to ka nemi hanyar fita. A lokacin babu na'ura mai karatu. Sai a shafa majina a gilashi, a ɗiga mata wani rini, a shiga wani ɗan ɗaki a ja labule a leƙa ta madubin likita. In ƙwayar tana nan, sai ka ga ɗigo-ɗigon kore suna haske a cikin duhu. Abin ban haushi, kyau gare su. Sukan dafa shayi a tulun gilashin da Farfesa ya rantse ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ga rediyo a kan taga wadda sai an mare ta take magana. Aiki ya yi yawa, kayan aiki sun yi kaɗan, amma ba ta tuna ranar da ta tashi ba ta son zuwa ba.

Ranar da aka ɗauke wuta kuwa janareta ya ƙi tashi, nan ake ganin ido. Duk inda take, ko ranar hutu ce, maigidanta zai rufe shagon ɗinkinsa ya ta da babur ya kawo ta. Sai ka ga likita da mai shara da mai gadi sun yi layi, ana miƙa akwatuna hannu zuwa hannu cikin kula mai ƙanƙara, ana gudu da su zuwa ɗakin ajiyar jini, Farfesa na gaba yana ba da umarnin da babu mai saurara. Maigidan nata yakan zauna a kan babur a ƙarƙashin bishiya har a gama, bai taɓa cewa ta yi sauri ba. Sau ɗaya abin ya fi ƙarfinsu, wutar ta daɗe ba ta dawo ba, akwatunan da ke kusa da ƙofa suka narke suka lalace. Farfesa ya yi mako bai yi fito ba.

Da aikin Dogo ya doshi shekarar da take gudu, sai Uwar Ƙanƙara ta fara jan ƙafa. Yau ta ce firizan ya sha buɗewa, a bar shi ya huta. Gobe ta ce ƙanƙara ta like akwatin. Jibi ta tsallake shekarar gaba ɗaya ta kawo ta bayanta, da aka yi magana ta yi kunnen uwar shegu.

Shekarar nan ba ta mantuwa ga duk wanda ya yi aiki a asibitin. Ɗakin yara ya cika har ana kwantar da biyu a gado ɗaya, tukwanen iskar oksijin ba sa isa, iyaye mata na zaune a ƙasa a baranda. Ɗanta a lokacin bai cika shekara biyu ba. Yayarsa ce ta sa masa suna Direba, saboda duk murfin tukunyar da ya samu sai ya riƙe shi da hannu biyu yana juyawa, yana hura leɓe, yana zagaya tsakar gida da ƙafafunsa gwame-gwame. In ka tare masa hanya sai ya tsaya ya yi maka hon da baki har ka kauce. Murfin tukunya ya yi wuyar gani a gidan, sau da yawa da faranti ake rufe abinci.

Da mura ya fara. Ta kawo shi da wuri, don ta san abin da take gani a madubi kullum, amma sanin bai ƙara mata komai ba, ciwon ba shi da magani sai iska da addu'a da jira. Sistar ɗakin, ƙawarta ce, ita ta zuƙo majinar, ta ce a ba wani ya duba. Uwar Ƙanƙara ta ce a'a. Ta bar yaron a hannun babansa, ta sauko da kwalbar da kanta, ta rubuta lambar da hannunta, ta shiga ɗan ɗakin ta ja labule. Koren na nan, ya cika gilashin. Ta daskarar da ragowar kamar yadda take yi wa ta kowa, ta wanke hannu ta koma sama. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ana cikin rabon magani, ƙirjin da ke ta ɗagawa yana faɗawa ya daina.

Kayansa an rabar. Hoto ɗaya ne, shi ma ya motsa ana ɗauka, fuskar ta yi dishi-dishi. Sun tashi daga gidan da aka haife shi. Abin da ya rage mata na jikinsa a duniya shi ne ɗigon nan. Ba ta taɓa buɗe kwalbar ba, ba ta ma cika dubanta ba. Sanin tana nan ya ishe ta. Wani lokaci kuma kunya takan kama ta, ta ce wa kanta, ke dai ba ki da hankali, wace uwa ce za ta zauna tana gadin abin da ya kashe mata ɗa, tana tashi tsaye in wuta ta ɗauke don kada ya ji zafi? Sai ta kawar da tunanin ta ci gaba da aiki. Ba ta faɗa wa kowa a gida ba.

Dogo ba wawa ba ne, ya ga ruwa ba ya tsami banza. Wata rana da azahar, mutane sun fita cin abinci, ya ja kujera kusa da ita ya ce shekarar nan ita ya fi buƙata. Yana zargin irin ƙwayar da ke damun yara yanzu a lokacin ta shigo garin. Ga shi yawancin kwalaben shekarar suna cikin waɗanda suka lalace, 'yan kaɗan da ya gwada rubutunsu ya fito a yayyage, ba a iya haɗa shi. Ya ga akwai wani akwati can ƙurya da bai taɓa narkewa ba, ko za ta taimaka ta fito da shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta faɗa masa, a taƙaice, idonta a kan safar hannun da take ninkewa. Ta ce sauran kwalaben akwatin ya ɗauka, ɗaya ce ba ta iya bayarwa.

Dogo ya rasa inda zai sa dogayen hannuwansa. Ya yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekara ashirin da wani abu. Ya ce sauran an ba da izinin karanta su ne saboda babu wanda ya san masu su, wannan kuwa tunda an san mai ita, ba zai taɓa ta ba sai uwa da uba sun yarda. Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma mai ilimi in ya ga mutum cikin damuwa, bayani yake ƙara masa. Ya ce ta kwantar da hankalinta, babu wanda zai ga sirrin yaron. Na'urar takan karanta duk abin da ta tarar a kwalba, na mutum da na ƙwaya a cakuɗe, sannan kwamfuta ta tsince duk abin da yake na mutum a goge shi, na ƙwayar kaɗai ake ajiyewa.

Ta ɗago ta dube shi.

"Wato ku tsince ɗana ku zubar, ku ajiye abin da ya kashe shi."

 Ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita tun lokacin tashi bai yi ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun zamanin Farfesa.

Sauran kwalaben akwatin an karanta su a makon, amma ba a dace ba. Biyu wata ƙwaya ce daban, sauran kuma ƙwayar ta yi kaɗan a ciki. Dogo bai sake ta da maganar ba, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a gajarce. Sai dai hanyarta ta zuwa ɗakin gwaje-gwaje ta gaban ɗakin yara take bi, kuma lokacin tarin ya zagayo. Yaran da aka kwantar ba su kai na waccan shekarar ba, amma sautin bai canza ba, wannan 'yar ƙarar da ke fita daga ƙirjin jariri in yana kokawa da iska. Ta gwada bi ta baya ta wajen wanki, ta ga abin ya zama wauta, ta dawo hanyarta.

A gida maigidan ya lura. Tela ne, ya tsufa a kan keke, ido ya fara gajiya har sai ya kira yaran maƙwabta su zura masa zare a allura. Likita yake kiranta tun suna sabon aure, duk da ta gaji da gaya masa ita ba likita ba ce. Ranar hutu da la'asar, yana zaune yana warware wani ɗinki da ya karkace, ya ce mata kwana biyu abincin gidan nan ko gishiri ya yi yawa ko babu shi sam, shin firizan ne ba shi da lafiya?

Ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana shirya yadda za ta fara, da ta buɗe baki kuma sai maganar ta fito a hargitse: kwalbar, lambar, ƙuryar firiza, na'urar Dogo, da cewa in an karanta ta ƙare. Tana jiran ya yi mamaki, ko ya ji haushin ta ɓoye masa. Shi kuwa bai ko ɗaga kai daga ɗinkin ba.

"Likita ke nan," ya ce. "Ke a zatonki don majinar 'ya'yan mutane nake rufe shago in ta da babur duk ranar da aka ɗauke wuta?"

Ashe Farfesa ne ya faɗa masa, tun ranar da ya zo gaisuwa. Ya ja shi gefe ya ce akwai abin da matarka ta ajiye a wurinmu, kada ka tambaye ta, ka dai taimaka mata ta riƙe shi. Shi ke nan ya kama bakinsa. Ita tana ɓoye masa don kada ta fama masa ciwo, shi yana ɓoye mata ya sani don kada ta ji kunya, haka suka tsufa a ɗaki ɗaya. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana ta tsintar zare.

Da ta natsu, ya tambaye ta in ta yi ritaya wa zai gaji firizan. Ta ce oho. Ya ce to, wata rana wani da bai san komai ba zai zo ya ga tsohon akwati ya cika masa wuri, ya kwashe ya zubar, ko bismilla ba zai yi ba. Shi a ganinsa gara kwalbar ta fita ta hannunsu, su san ranar, su san dalilin. In kuma akwai ɗan wani da zai sami sauƙin numfashi ta sanadin haka, ai yaron nan da ma mai son a ba shi hanya ne, ba mai tare wa wasu ba. Amma ya ce ba zai tilasta mata ba, ita ta yi gadi, ita ke da magana. Abu ɗaya yake roƙo: in za a yi, yana son ya gani da idonsa, don bai taɓa ganin kwalbar ba.

Ba ta amsa a ranar ba, ba ta amsa washegari ba. Sai da aka kwana biyu, da safe tana ɗaura ɗankwali, ta ce masa ya sa rigarsa mai kyau.

Dogo ya tarbe su a ƙofa, ya rusuna ya gaida tsohon, ya ba shi farar riga da takunkumi da safar hannu. Rigar ta Dogo ce, don haka hannun ya wuce yatsunsa, tela kuwa bai iya haƙuri ba sai da ya juya bakin rigar ya duba ɗinkin ya ce wanda ya yi wannan bai ji tsoron Allah ba. Ya shiga ɗakin a hankali, hannuwa a ƙirji, kada ya taɓa abin da zai jawo magana.

Ita ta buɗe firizan. Farin hayaƙin sanyi ya zubo ƙasa, ta miƙa hannu can ƙurya ba tare da ta duba ba, ta jawo akwatin, ta rufe ƙofar. Ta ɗaga kwalbar da ɗan hantsaki ta goge raɓar da ke jiki. Ga lambar nan da rubutunta na ƙuruciya, ƙanana a tsaye, ba irin na yanzu mai kwanciya ba. A ƙasan kwalbar akwai ɗan farin abu daskararre, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba.

Tsohon ya matso da fuskarsa ya daɗe yana kallo. Ya ce ashe 'yar wannan ce. Ya ce shi duk shekarun nan yana zaton wata babbar kwalba ce.

A ƙa'ida a kan ƙanƙara ake ɗora ta ta narke a hankali. Amma duk wanda ya daɗe a aikin ya san in ana so ta narke da sauri, a tafin hannu ake dunƙule ta, a rufe, cikin safa. Uwar Ƙanƙara ta sha yi wa mutane faɗa a kan haka. Ta dubi Dogo, Dogo ya kawar da kai yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ta kamo hannun maigidanta ta buɗe tafin, ta ɗora kwalbar, ta naɗe yatsunsa a kai.

Sanyin ya sa ya ɗan zabura, amma bai saki ba. Ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya jawo su jikin ƙirjinsa, leɓunansa na motsi a bayan takunkumi.  Can ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, shin abin da ke ciki yaron ne ko ciwon ne. Tambayar da ta yi shekaru tana gudu ke nan. Ta ce ba ta sani ba.

Da ya buɗe hannu, farin ya zama ruwa. Ta karɓa ta kai akwatin gilashin da ake buɗe irin waɗannan a ciki, ta zauna, ta zuƙe ɗigon tas ta juye a inda Dogo ya nuna mata. Hannunta bai yi rawa ba, Farfesa da ya gani da ya yi fito. Robar da ta rage ta jefa a kwandon ƙonawa da kanta, don ba ta son wani ya yi mata. Ta raka maigidan har bakin titi, ta dawo ta ƙarasa aikin ranar.

Kwanakin da suka biyo baya ta ci gaba da dafa firizan da safe, amma ta san gaisuwar ta zama ta sabo. Ta ji kewa sosai, kamar an sake yin rasuwar, sai dai wannan karon babu mai zuwa gaisuwa.

Ranar da sakamako ya fito Dogo ya zo da kansa ya kira ta. A fuskar kwamfuta akwai wani zane mai rassa, kowane reshe da ɗigo a bakinsa. Ya ce rubutun ya fito cikakke, babu inda ya yage, bai taɓa samun tsohuwar kwalba mai kyan wannan ba. Ya nuna mata tarin ɗigogi a sama, ya ce waɗannan na yaran da ke kwance yanzu ne. Ya bi reshen da yatsa yana gangarowa, har ya tsaya a kan wani ɗigo shi kaɗai kusa da gindi. Zarginsa ya tabbata, daga dangin wannan na yanzu suka fito. Gefen da allurar ke kamawa kuwa, tsakanin wancan ɗigon da na bana, kusan bai motsa ba. Ya ce wannan labari ne mai daɗi ga jariran da za a haifa.

Ta daɗe tana kallon reshen da 'ya'yansa.

"Ita dai ƙwayar ta ga jikoki," ta ce.

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ce saura abu ɗaya. Ɓangaren da kwamfuta ta ware, na mutum, doka ta ce a goge, amma bai goge ba, ya jira ta zo. Ta tambaya ko ana iya ganin kamanninsa a ciki. Ya ce a'a, haruffa ne kawai, guntu-guntu. Ta ce ya nuna mata haka nan. Ya buɗe, haruffa huɗu ne suke ta maimaita kansu, layi bayan layi, yana gangarawa ba sa ƙarewa. Ta ce duk wannan? Ya ce ai bai ma fara ba. Cikin abin da na'urar ta karanta, ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, in aka kasa ɗari da ƙyar ta kai kashi ɗaya. Sauran duk na yaron ne.

Ta jawo kujera ta zauna. Ta sa ya ci gaba da gangarawa, tana kallo, ba ta gane ko harafi ɗaya ba, ba ta kuma so ya tsaya ba. Sai da idonta ya cika har layukan suka haɗe, sannan ta share fuska da bakin mayafi, ta yi addu'a a ranta, ta ce masa ya goge. Ya danna.

Ta fito baranda ta kira maigidan a waya. Tana jin ƙarar keken ɗinki ta cikin wayar, yana cewa Likita, lafiya dai? Ta ce tambayar da ya yi mata ranar nan, ta samo amsa. Ta ce shi ne a ciki, kusan duka shi ne, ciwon ɗan kaɗan ne.

Keken ya tsaya. 

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe ɗana na riƙe."